Ga mai son kiwon guza a Jos: lafawar da ka gani ba sabo ba ne

"Salam. Don Allah ina da tambaya. Ni a Rikkos nake zaune nan Jos, gidanmu na gado ne akwai yara da yawa. Wani mafarauci da ke kawo mana zabi daga wajen Shendam ya ce zai kawo min ɗan guza ƙarami, bai fi tsawon takalmi ba. Ina yawan kallon bidiyon Turawa a YouTube suna rungumar manya-manyansu kamar mage, har wanka suke musu. Ina da tsohon akwatin gilashi na kifi, zai yi? Kuma da gaske suna da dafi? Wai in ka raine shi tun yana ƙarami zai saba ba zai cije ka ba?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayoyi uku ka yi, na akwati, na dafi da na sabo, amma in na fahimce ka da kyau abu ɗaya kake son ji, wato ko wannan ɗan abin da za a kawo maka cikin buhu zai zama irin wanda kake gani a waya. Ni na fi shekara goma ina ajiye damo da guza a bayan gida ta wajen Bukuru, sun cije ni, sun zane ni da jela, wasu sun mutu a hannuna saboda jahilcina na farko, don haka abin da zan faɗa maka ba na littafi ne zalla ba. Ni ba likitan dabbobi ba ne fa, wannan ka riƙe shi tun yanzu.

Wanne ne za a kawo maka tukuna

Mutanenmu suna haɗa su wuri ɗaya amma halittu biyu ne daban. Damo shi ne na tudu, gajere, kai kamar an danne, jiki kauri, launin ƙasa-ƙasa, babbansa da ƙyar yake wuce mita ɗaya. Masana suna ce masa Varanus exanthematicus. Guza, wanda wasu ke cewa tsari, shi ne na bakin ruwa, dogon wuya, baƙi-baƙi da ɗige-ɗigen rawaya a jere, jelarsa a shafe take ta gefe kamar filafilin kwalekwale don iyo, sunansa Varanus niloticus. Wannan shi ne mafi tsawo a duk dangin ƙadangaru na Afirka, mita ɗaya da rabi abu ne na yau da kullum a wurinsa, manya suna haura mita biyu. Ka auna mita biyu a ƙasan ɗakinka yanzu ka tsaya ka kalla, ya fi ka tsawo in ka kwanta. Fatarsa ce masu goge ke rufe ƙoƙon gogensu da ita, ka ga ba baƙo ba ne a wajenmu, kiwonsa a gida ne baƙon abu.

Danginsu sun haura kala 80 a duniya, daga Afirka har Asiya da Ostireliya. Babban yayansu shi ne na tsibirin Komodo a Indonesiya, mai kai mita 3 da nauyin wajen kilo 70. Waɗanda ka fi gani ana runguma a bidiyo yawanci ba namu ba ne, ko dai na ruwan Asiya ne, Varanus salvator, irin waɗanda ke yawo a lambun Lumpini na birnin Bankok, ko kuma mai baƙin maƙogwaro na gabashin Afirka, kuma da yawansu a hannun mutane aka ƙyanƙyashe su. Su kansu Turawan da ke wannan harka sun san guzan Afirka da zafin rai, shi suke hana sabon shiga saye. Ka ga abin da ka kalla daban, abin da ke cikin buhun mafarauci daban.

Maganar sabo

Nan zan daɗe don nan ne kowa yake faɗawa rami. Mu Hausawa muna cewa damo sarkin haƙuri, kuma wallahi wannan kirarin shi ya kashe damo da yawa a hannun masu kiwo. Waɗannan dabbobin jikinsu ba ya haɗa ɗuminsa kamar namu, daga rana suke ara. In jikin ya yi sanyi komai yana tsayawa, narkar da abinci, ƙarfin gudu, har ƙarfin yin fushi. To sai mutum ya ajiye shi a ɗaki mai sanyi, ya ɗauke shi ya ɗora a kafaɗa, abin ya yi lamo ya rufe ido, sai ya ce ai ya saba da ni. Bai saba ba, sanyi ne ya kama shi ko tsoro ne ya sa ya sallama. Rufe idon nan da mutane ke cewa jin daɗi ne, a wurina alamar ya rasa mafita ce.

Damona na farko haka na yi ta nuna wa abokai shi, kowa ya zo sai na ɗora masa a cinya a ɗauki hoto. Ranar da wani dattijo da ya daɗe yana aiki da dabbobin daji ya zo ya gani, bai ce komai ba, ya ɗauke shi ya ajiye kan wani falalen dutse a tsakar gida wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe ya ce mu sha shayi. Bayan kamar minti arba'in na je ɗauka. Abin da na sani da lamo ya miƙe kan ƙafafu huɗu, ya kumbura maƙogwaro, ya lanƙwasa jela gefe guda yana huci kamar tayar da ta faci, kafin in ankara ya shauɗa min ita a ƙauri. Dattijon ya yi dariya ya ce yau ka fara ganin dabbarka. Watanni ina zaune da marar lafiya ina ce masa mai ladabi.

Wannan ba yana nufin ba sa sabo sam ba. Suna da ƙwaƙwalwa fiye da yadda ake zato, suna gane mai ba su abinci, suna gane lokacin, nawa in ya ji ƙarar bokitin ƙarfe ya san ni ne, in ɗan uwana ya shigo kuma sai ya faɗa ruwa. Amma sabon nasu yarda ce ba ƙauna ba, kuma ba a samunta da kamawa. Yadda nake yi shi ne in bar sabon zuwa sati biyu ko uku ban taɓa shi ba, in ba shi maɓoya, in riƙa zama kusa ina harkata yana leƙena. Daga nan abinci a bakin dogon matsefin ƙarfe, kullum ina rage nisa, har ya zama shi da kansa yake tako hannuna don ya kai ga abincin. Da damo wannan kan ɗauki watanni. Da guza, cikin huɗu da na taɓa riƙewa ɗaya ce kawai ta yarda in shiga kejinta ba ta yi huci ba, sauran har muka rabu gaba muke. Kuma ko wadda ta yarda ɗin, ranar da na shiga da ƙarnin kifi a hannu ban wanke ba, ba ta tsaya tambaya ba.

Dafi da cizo

Eh suna da shi, amma ba irin na kububuwa ko gamsheƙa ba. A da ana cewa ƙazantar baki ce kawai, sai wani masani a Ostireliya, Bryan Fry, da abokan aikinsa suka nuna cewa akwai ƙulli a muƙamuƙin ƙasa mai fitar da sinadaran da ke hana jini daskarewa, a 2009 suka fitar da nasu binciken kan na Komodo. Har yau masana na jayayya kan ko dafin ne yake kayar da abin farauta ko yankan haƙori ne. A jikin babban mutum mai lafiya abin da za ka gani daga namu na gida shi ne jini ya ƙi tsayawa da wuri, wurin ya kumbura ya yi ta zugi. Allurar maganin dafin maciji ba ta da aiki a nan, kuma ba sa ɗauke da ciwon haukan kare.

Ainihin matsalar ƙarfin muƙamuƙi ne da kuma rashin saki. Wancan cizon na ƙarnin kifi, a gindin babban yatsa ta kama ni, ta datse ta rufe ido, ni kuma na yi kuskuren da kowa ke yi na fizge hannu, to fizgar ce ta yaga fatar ba cizon ba. Da na daure na sa ta a ƙasa ƙafafunta suka taka, ko na tsoma mu duka cikin ruwa, da ta saki da kanta. Ɗinki huɗu aka yi min kuma har yau in sanyi ya shigo wajen yana min tsami. Babban guza haƙoransa na baya dakusassu ne don fasa katantanwa da ƙaguwa, ka yi tunanin abin da ke fasa ɓawon ƙaguwa me zai yi wa yatsan yaro ɗan shekara uku.

In ya faru, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon lokaci, a danne da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti a ranar, a faɗa musu gaskiyar abin da ya ciji mutum, a duba maganar allurar tetanus, likita ne zai yanke ko sai an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Don girman Allah ban da man birki, ban da toka, ban da ruwan batir. Cizo a hannu ko kan gaɓa yana saurin ruɓa ta ciki alhali waje ya rufe.

Amma ka san me ya fi yawan ji min ciwo? Farce. Abin hawa bishiya ne da tonon suri, in ka ɗauke shi yana neman abin riƙewa sai ya tsaga maka dantse ba ma da niyya ba. Sai jela, wadda take kai wa daidai fuskar ƙaramin yaro in yana tsaye. Sai kuma makaminsu na ƙarshe, ya sakar maka kashi mai ɗoyi a jiki, wanda ya kai mu ga abin da ni ya fi ba ni tsoro a gida irin naku. Dangin ƙadangaru da kunkuru da macizai suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, tana fita a kashi ta manne a fata da ruwan wankansu. A jikin babba gudawa da zazzaɓi ne, a jikin jariri tana iya kai wa ga kwanciya asibiti ko abin da ya fi haka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka shawararta ita ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki kada su taɓa irin waɗannan dabbobi ko wurin zamansu. Gidan gado, rijiya ɗaya, wurin wanke-wanke ɗaya, yara na rarrafe a tsakar gida, ina za ka zubar da ruwan da guza ya yi kashi a ciki kullum? Don kullum ɗin ne, a ruwa suke yi, kana canzawa yana komawa.

Akan kawo labarin wani mutum a jihar Delaware ta Amurka da aka tsinci gawarsa a ɗakinsa a 2002 guzayensa suna ci, ba a tabbatar su suka kashe shi ba, don su masu cin mushe ne dama. Ni ba na tsoratar da mutane da wannan. Guza ba zai farauce ka ba, in ya samu hanya gudu zai yi.

Akwatin gilashin nan, da sanyin Jos

Akwatinka zai riƙe shi wata uku ko huɗu, shi ke nan. In yana samun zafi da abinci, cikin shekara ɗaya zuwa biyu ya haura mita. Gilashi ma kansa matsala ne, dabba ba ta gane shi, za ta yi ta goga hanci har ya kwaile, ana ganinta ta kowane gefe ba ta da sukuni, kuma hasken rana mai amfanin, wanda ake kira UVB, ba ya ratsa gilashi. Da wannan hasken jikinsu ke haɗa bitamin D3 da ke sa ƙashi ya karɓi sinadarin kalsiyam. In babu, muƙamuƙi ya yi laushi kamar roba, ƙafafu su karkace, ya riƙa rawar jiki. In kuma ka ce bari ka fitar da akwatin rana, ka dafa shi cikin rabin awa. Turawa kuɗi suke zubawa kan fitilun UVB, mu Allah ya ba mu kyauta, sai dai a gina keji a waje.

A ra'ayina babban guza ɗaki yake so ba keji ba, ƙafa 12 da 8, tsayi ya kai mutum ya miƙe a ciki, wannan ma ƙaranci ke nan. Bulo da filasta mai santsi har sama da ƙirji, sama a rufe da wayar ƙarfe mai kauri da aka yi wa walda, wayar kaji wasa ce a wurinsa. Harsashin gini ya nutse sosai ko a zuba kankare a ƙasa sannan a tara ƙasa a kai, don tono sana'arsu ce. Kwatami na siminti da zai nutse duka a ciki, da bututun zubarwa wanda zai kai ruwan rami na musamman ba kwatar unguwa ba. Gungumen itace na hawa. Ƙofa biyu, ka shiga ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu, da kwaɗo, don yara sun fi guza iya buɗe sakata. Ka je kasuwar Katako ka tambayi kuɗin katako, ka tambayi kuɗin buhun siminti da na mai walda, ka haɗa lissafi tukuna.

Sai babbar magana, garin da muke. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, ai ka san yadda asubar Disamba da Janairu take, ma'auni kan sauko kusa da digiri 10, ruwan randa kamar ƙanƙara. Shendam da aka ce daga can za a ɗauko shi ƙasa take, zafi ne da ita, wata duniyar ce. Waɗannan dabbobin suna son wurin shan rana da saman dutsen zai kai digiri 50 ko fiye, sauran kejin kusan 28 zuwa 32, da dare kuma kada maɓoyarsa ta sauka ƙasa da 22 ko kusa. A daji yana da dabara, zai shige rami mai zurfi ko tsohon suri inda ɗumi da laima ba sa gudu. A keji kai ne surin. Da a Abuja kake da sai in ce ka fi damuwa da inuwa da ruwa a watan Maris, amma a Jos sanyi ne abokin gaba, har da damina ma, don a Agusta sai a kwana uku ba a ga rana ba.

Na rasa damo guda a wani Janairu. An ɗauke wuta tun magariba, janareta ba mai, na ce ai dare ɗaya ne. Kuma da yammar na ba shi abinci ya ci ya ƙoshi. Da safe na same shi a sanƙare, na dumama shi ya farfaɗo, amma abincin ya riga ya ruɓe a cikinsa tun da babu zafin narkarwa, ya amayar, bayan kwana kaɗan ya fara numfashi baki buɗe da kumfa a hanci, bai kai sati biyu ba. Tun daga nan na gina musu akwatin kwana na katako mai ruɓi biyu da dusar katako a tsakani, da abin dumama mai na'urar da ke kashe kanta in zafi ya kai, a kan batirin sola, in komai ya ƙi kuma jarkokin ruwan zafi a naɗe cikin tsumma. Kada ka kuskura ka kai gawayi wurin da yake a rufe. In za ka sa ƙwan fitila na zafi, sa uku ko huɗu a jere su rufe tsawon jikinsa, don ƙwai ɗaya mai ƙarfi zai ƙona masa tsakiyar baya yana kwance bai motsa ba tun da sauran jikin na jin sanyi. Ka sayi bindigar auna zafi irin ta masu gyaran inji, ba ta goshi ta lokacin korona ba. Hunturu kuma yana busar da su, tsohuwar fata ta maƙale a yatsu da ƙarshen jela ta shaƙe su har su guntule, kuma jelarsu ba ta sake tsirowa irin ta tsaka. Maganinsa ƙasa mai zurfi, ƙafa biyu aƙalla, mai ɗan danshi a ciki da zai tona ya shige.

Abinci

Damo a daji ɗan ƙwari ne. Bature Daniel Bennett da ya bi su a Ghana ya tarar cimarsu gyare ce da fara da ƙadandoniya da kunama da katantanwa, kuma da rani kusan azumi suke yi. Mu kuma sai mu tsare shi wuri ɗaya muna ɗura masa ɓera da ƙwai da tsokar nama shekara zagaye, ya yi teɓa har ciki na jan ƙasa, mai shi na alfahari, hanta da ƙoda suna lalacewa. Guza ya fi faɗin ciki, kifi, kwaɗi, ƙaguwa, tsuntsaye, mushe, har ƙwan kada yake tonewa. A gida ina ba su kyankyasai da nake kiwo a robobi, fara in lokacinta ya yi, katantanwa, tarwaɗa ƙanana, da 'yan tsaki daga masu gidan kaji, wanda a Jos ba wahalar samu. Ƙa'idar ita ce abu ya zama cikakke da ƙashinsa da kayan cikinsa, tsoka zalla ba kalsiyam a ciki. Ƙarami kullum yake ci, babba sau biyu ko uku a sati ya isa. Ɓeran gida da aka tsinta a mace ko yana layi, kada ka ba shi, mai yiwuwa gubar maƙwabta ya ci. Fara ma ka san gonar da ta fito, in an yi feshi ka haƙura. Soyayyar fara mai yaji ta kasuwa kuma taka ce ba tasa ba.

Ka tambayi kanka ko mutanen gida za su yarda da robar kyankyasai a bayan ɗaki da mushen tsaki a firij. Ni wannan faɗan ya fi na cizo tsawo a gidana.

Af, tun da wasu za su tambaya, dabbar nan da ta zo a hadisi wadda Khalid bin Walid ya ci a gaban Annabi (SAW) shi kuma bai ci ba, da ake fassarawa da damo, wani ƙadangaren sahara ne mai ƙayoyi a jela da ke cin ganye, Larabawa suna da suna daban ga dangin su guza. Hukuncin ci kam na malamai ne. Abin da ya shafe mu masu tsarewa shi ne hadisin matar da ta kulle mage ba ci ba saki.

Doka, da inda ya fito

Duk dangin Varanus, wato su guza da damo, suna cikin yarjejeniyar CITES ta 1973, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wadda Najeriya ke ciki, na Komodo ma yana rukunin farko da aka hana cinikinsa, don haka duk wanda ya ce zai shigo maka da shi ɗan damfara ne ko mai laifi. A gida akwai dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016, kuma guza da damo suna cikin jerin da ta lissafa. NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, ce ke sa ido, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke riƙe da maganar izini. Na san a kasuwa za ka ga ana rataye su ba mai cewa uffan, amma rashin kamu ba izini ba ne, ka je sashen kula da gandun daji da namun daji na jiha ka tambaya kafin ka karɓi komai. Nawa yawancinsu waɗanda aka ƙwato ne daga hannun yara ko suka faɗa rijiya, masu lafiyar cikinsu mayar da su nake yi inda aka ɗauko su.

Na daji kuma da kayansa yake zuwa, kaska a hammata da gindin jela, tsutsar ciki, wani da karaya ko ciwon igiya a ƙugu. Dole a kai kashinsa a duba. Mu a nan mun yi sa'a akwai cibiyar binciken dabbobi ta Vom tun 1924 da asibitin dabbobi na Jami'ar Jos, sai dai yawancin likitocinmu shanu da kaji da karnuka suka fi gogewa a kai, ka nemi wanda ya taɓa duba irin wannan tun kafin ka buƙace shi. Kada ka sa masa maganin kaska na kare ko na shanu da ka, wasunsu kashe shi za su yi. Adadin magani ba zan rubuta a nan ba don ba fagena ba ne. Haka na Asiya da na Niyu Gini mai dogayen haƙora ban taɓa riƙe su ba, ba zan koyar da abin da hannuna bai taɓa ba.

Sannan shekaru. In ya samu kulawa zai yi 10 zuwa 20. Za ka yi aure, za a iya tura ka aiki Abuja ka kama hayar ɗaki ɗaya a Nyanya ko Kubwa, wane mai gida ne zai karɓe ka da shi? A nan ne yake zama ƙadangaren bakin tulu. A Amurka waɗanda suka gaji da nasu suka saki, yanzu guzan Afirka ya kafa zuri'a a Cape Coral ta jihar Florida, har jihar ta hana ajiye shi a gida a 2021. A nan in ka sake shi a wani kududdufin kuza, ko sanyi ya gama da shi ko ya shiga akurkin wani a rotse masa kai. Gidan zu ma ba dole ne su karɓa ba.

To me zan ce ka yi

A gidan gado mai yara, da akwatin kifi, guza kam a'a, ka ce wa mafaraucin ya bar shi inda yake, in kana karɓa gobe ma zai tono wani. In abin yana ranka da gaske, kuma na ga alama yana ranka, ka fara zuwa Wildlife Park ko gidan zu na kusa da gidan tarihi ka zauna da masu share kejin dabbobi masu rarrafe, ka ji warin da hancinka, ka ga aikin. In ka samu hanyar Yankari ka je ka ga guza a bakin ruwa yana fitar da harshen nan mai baki biyu yana ɗanɗana iska, ka ga saurinsa in ya tsorata, shi ne ainihin dabbar.

Bayan nan ga gwajin da nake ba duk wanda ya zo min da wannan magana. Ka sayi ma'aunin zafi ka rataye a daidai inda kake tunanin gina kejin, ka riƙa tashi bayan sallar asuba kana rubuta abin da ya nuna tun daga Disamba har ƙarshen Janairu. A lokaci guda ka fara kiwon kyankyasai a roba ka ga ko za ka iya riƙe su wata uku ba su mutu ba, ba su kuma watsu a ɗakin Hajiya ba. In ka gama, ka samu fili naka mai katanga da takardar izini, ka turo min lambobin da ka rubuta mu zauna mu zana kejin, kuma ko a lokacin ma da damo za mu fara.